Tsoron ma'aikatan asibiti a lokacin annoba

Ya ku ƴan uwa Musulmi na Filinge da ƙasar Kurfai, ku sani idan annoba ta sauka akwai wasu bayin Allah da ba su da damar kauce mata, su ne ma'aikatan asibiti.

Mun san sanƙarau, baƙon rani mai zuwa da iska da ƙura. A 2010 gundumarmu ce aka fara yi wa sabuwar allurar rigakafinsa a Nijar, sai dai nau'in A kaɗai take karewa. A 2015 nau'in C ya ɓarke a Yamai, Doso da Tilaberi, ya kashe ɗaruruwan mutane, allura kuma ta yi ƙaranci.

Me ke tayar da hankalin ma'aikaci a irin wannan hali? Cutar tana bin numfashi da tari, shi kuwa yini yake a kan marar lafiya, da dare ya koma cikin ƴaƴansa, zuciyarsa tana raya masa ko ya ɗauko musu ajali. Ga rashin barci, ga magani yana ƙarewa alhali jama'a suna ta zuwa. Mafi ɗaci kuwa daga gare mu yake fitowa. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma sai a ajiye yaro a gida wuyansa ya sanƙare, ana ta jiƙe-jiƙe, sannan a ɗora shi a amalanke daga Shikal ko Tukunus. In ya cika a hannun ma'aikaci, a ce sakacinsa ne. Wannan zalunci ne, ko da baƙin ciki ya jawo shi.

Kada wani ya ce tsoronsu raunin imani ne. Sayyidina Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Shi kuma Abu Ubaida ya zauna da jama'arsa har annobar Amwas ta ɗauke shi a shekara ta 18 bayan hijira. Babu malamin da ya zargi ɗayansu.

Haƙƙinsu a kanmu shi ne mu kai marar lafiya da zarar zazzaɓi mai zafi ya haɗu da ciwon kai da taurin wuya, mu rage cincirindon ƴan dubiya a ɗakin jinya, kada kuma mu hana ƴaƴanmu wasa da nasu.