Wanda Ya Kashe, A Kashe Shi?

Akwai tambayar da ba ta da daɗin yi a gaban wanda ya binne ɗansa. Ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bam a Cocin Waliyiya Teresa da ke Madalla, masu sujada suna fitowa. Ranar Lahadin Fentikos ta 2022 'yan bindiga suka shiga Cocin Waliyi Francis a Owo, suka kashe kimanin mutum 40, har da ƙananan yara. In aka kama wanda ya aikata irin wannan ta'asa, me ya cancanta? Da yawa daga cikinmu ba za su yi dogon tunani ba, za su ce a kashe shi.

Kada mu yi saurin ce wa masu wannan magana marasa imani, gama suna da hujja. Ran mutum ba kaza ba ne, balle a biya tara a wuce. Wanda ya ɗauki rai da gangan ya taɓa abin da ya fi kome daraja, adalci kuwa yana neman horo ya yi daidai da laifi. Suna kuma cewa tsoron igiya yana hana mugu zare wuƙa, kuma in hukuma ba ta rama wa wanda aka zalunta ba, dangi za su rama da kansu, jini ya yi ta bin jini. A cikin Littafin Farawa, bayan ruwan tsufana, an ɗora alhakin jini a kan mai zubar da shi. Manzo Bulus ya tuna wa Romawa cewa akwai dalilin da ya sa takobi yake hannun mai mulki. Waliyi Toma Akwinas ya kwatanta mai babban laifi da gaɓar da ta ruɓe, wadda likita yake yankewa domin sauran jiki ya tsira. Ikilisiya kanta ta daɗe a kan wannan ra'ayi: an yi ta zartar da hukuncin kisa a ƙasashen da Paparoma yake mulki har zuwa 1870, kuma sai a 1969 aka cire shi daga dokar Batikan.

To, me ya sa ta sauya? Katekisma ta 1992 ba ta haramta hukuncin ba. A 1995 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa Evangelium Vitae, ya koyar cewa ba a kai ga kisa sai in babu wata hanyar kāre jama'a, kuma irin wannan hali da wuya a same shi a zamaninmu. A 2018 marigayi Paparoma Francis ya sake rubuta sashe na 2267 na Katekisma, inda aka bayyana cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, domin darajar mutum ba ta gushewa ko bayan ya aikata mafi munin laifi.

A nan ne mutumin Najeriya zai ɗaga hannu. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kafa wannan koyarwa a kai shi ne cewa yanzu akwai gidajen yari masu tsaro, da za su riƙe mugu ba tare da an kashe shi ba. Amma a watan Yuli na 2022 an fasa gidan yarin Kuje, a gefen Abuja, ɗaruruwan fursunoni suka tsere, cikinsu har da waɗanda ake tsare da su kan ta'addanci. Ina tsaron yake? Wannan ita ce hujja mafi nauyi da na sani a wajen masu goyon bayan kisa, ba kuwa zan ce ta zama banza ba.

Sai dai mu duba da kyau. Hukumar da ta kasa tsare ƙofar kurkuku, ita ce dai za ta yi bincike, ta rubuta bayanin wanda ake tuhuma, ta kawo shaidu. In hannunta yana rawa wajen riƙe mabuɗi, yaya za mu amince ba zai yi rawa wajen riƙe igiya ba? A 1981, a Jihar Oyo, an kashe wani mutum da kotu ta yanke wa hukuncin kisa kan fashi da makami, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana nan ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an kashe shi ba bisa doka ba, ta ba da umarni a biya iyalinsa diyya. Kuɗi ya fito, mutumin bai fito ba. A Ingila ma, inda ake yabon tsarin shari'a, an rataye Timothy Evans a 1950 kan kisan 'yarsa. Bayan shekara 3 aka gano maƙwabcinsa da ya ba da shaida a kansa ya kashe mata da dama a gidan nan, aka yi wa Evans afuwa a 1966, yana cikin kabari. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri. Magana ma zarar bunu ce, balle rai.

Batun tsoratarwa kuwa, ƙasar nan ta gwada shi a bainar jama'a. Daga 1971 aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a bakin teku a Legas, ana harbe su dubban mutane suna kallo. An harbe Ishola Oyenusi a shekarar nan, an harbe Lawrence Anini a 1987. Fashi bai ƙare ba. Abin da yake ba mugu tsoro shi ne ya tabbata za a kama shi. Wanda ya san ba mai bin sawunsa cikin daji, bai damu da abin da aka rubuta a littafin doka ba. Mu kuma tambayi kanmu su wane ne cikin mutum fiye da 3,000 da suke jiran kisa a gidajen yarinmu. Mai kuɗi yakan ɗauki babban lauya. Talaka sau da yawa yakan tsaya gaban alƙali bai ma fahimci Turancin da ake yanke masa hukunci da shi ba. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 kuma, da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8, mun ga abin da igiya take zama a hannun mai mulkin da ba ya son a yi masa gardama.

Kada wani ya ɗauka cewa ƙin kisa sakin mai laifi ne. Mutumin da aka gurfanar dangane da harin Madalla, ɗaurin rai da rai aka yanke masa a 2013, wannan kuwa horo ne mai tsanani. Haka nan ba mu da bakin yi wa gwauruwa wa'azin gafara in ba mu taɓa tambayar ta yadda take biyan kuɗin makarantar marayunta ba.

Ga mai bi akwai abu ɗaya da ya rage. Kayinu ya kashe ƙanensa, Allah ya hore shi, amma ya sa masa alama domin kada kowa ya kashe shi. Kisa yana yanke wa mutum kwanakin da zai iya tuba a cikinsu, ba wanda ya san ranar da zuciya za ta karye. A 1902, a Italiya, wani saurayi mai suna Alessandro Serenelli ya daddaɓa wa yarinya 'yar shekara 11 wuƙa domin ta ƙi yarda ya ɓata ta. Ita ce Waliyiya Mariya Goretti. Aka yanke masa shekara 30. Shekarunsa na farko a kurkuku bai nuna nadama ko kaɗan ba, da a ce an rataye shi a lokacin, da haka ya tafi. Daga baya ya tuba. Bayan shekara 27 aka sake shi, ya je wurin mahaifiyar yarinyar ya roƙi gafara, ta kuwa gafarta masa. Ya ƙarasa rayuwarsa yana aikin lambu a gidan 'yan zuhudun Kafucin, ya rasu a 1970, shekara 20 bayan Ikilisiya ta sa yarinyar da ya kashe cikin jerin tsarkaka.