Mai Bi Ya Iya Yin Waƙar Duhu?

Akwai wani mawaƙi a Amurka, Alice Cooper, wanda al'amarinsa ya sa mu tunani ƙwarai. An haife shi a Detroit a 1948, ubansa kuwa mai wa'azi ne. Da ban tsoro ya yi suna: yakan fito gaban jama'a da maciji a wuya, a kawo injin fille kai a yi kamar an sare kansa, mutane suna ta ihu. Giya ta kusa halaka shi. A 1983 ya rabu da ita, daga baya ya shaida a fili shi mai bin Yesu ne.

To, a 2000 ya fid da faifai mai suna Brutal Planet, wato muguwar duniya. Kiɗan kamar maƙera ɗari suna dukan ƙarfe gaba ɗaya. A ciki akwai macen da mijinta ke zalunta, da mai tsintar ƙasusuwan danginsa bayan yaƙi, da saurayi mai ƙiyayya wanda ke shirin kisa. Shekara guda ke nan bayan da ɗalibai biyu suka kashe mutum 13 rana ɗaya a makarantar Columbine.

Ya kamata mai bi ya rera irin wannan? Da fari mun ce a'a. Amma da muka buɗe Alƙalawa sura 19, muka ga Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ƙazantar mutum ba ko kaɗan. Annabi Natan ma da labarin zalunci ya kama Dawuda.

Duk da haka akwai bambanci, kuma nan ne zuciyarmu ba ta kwanta ba. Natan yana tsaye a wurin, da labarin ya ƙare ya nuna sarki da yatsa. Faifai ba shi da yatsa. A waƙar saurayin nan, da bakin mai kisan ne mawaƙin ke magana. Yaron da ke sauraro shi kaɗai a ɗaki, zuciyarsa cike da fushi, wa zai gaya masa gargaɗi ne ake yi, ba kirari ba? Manzo Bulus a Afisawa 5 ya umarce mu mu tone ayyukan duhu, nan take kuma ya ce waɗansunsu ko ambatonsu abin kunya ne.

Ba za mu hukunta bangaskiyar mutumin nan ba. A 1995 ya sa hannu aka kafa ƙungiyar Solid Rock domin taimakon matasa a Phoenix. Amma faifan, ba za mu miƙa wa 'ya'yanmu ba sai muna zaune tare da su.

Wani abu kuma ya ba mu kunya. Mun duba takardun wa'azinmu na bara, ba mu sami ko ɗaya a kan mijin da ke dukan matarsa ba, alhali kuwa matan suna zaune gabanmu kowace Lahadi.