Sunan Da Aka Kira Ba A Amsa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tagar aji a wata 'yar firamare ta ƙauyukan Roni ko Gwiwa da damina, ya san yadda kiran suna yake kasancewa. Malam zai buɗe rajista, ya kira wannan a amsa, ya kira wancan a yi tsit. Wani yana gona, wata ta ɗauki talla, wani an tura shi gabas karatun allo, ɗan Fulani kuwa ya bi shanu ta Babura har ya tsallaka Nijar.

To, yaron da ya yi zango guda bai leƙo aji ba, a soke sunansa ko a bar shi?

Masu cewa a bari suna da hujjarsu. Muddin sunan yana nan, yaron ɗan makaranta ne, ranar da ya dawo ba za a ɗauke shi baƙo ba. Masu cewa a soke su ma ba su yi ƙarya ba, domin da wannan lissafi ake rabon malamai da kujeru da littattafai. In aka rubuta arba'in alhali goma sha biyar ke zaune, hukuma za ta ɗauka lafiya lau ake, babu mai fita neman sauran.

Shirin UPE na 1976, da hukumar ilmin makiyaya ta 1989, da UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokar 2004 wadda ta wajabta karatun, dukkansu a kan alƙalamin malamin nan suka dogara. In alƙalamin ya karkace, lissafin Dutse da na Abuja sun karkace.

Mu a ganinmu, sokewa da cika rajista da ƙarya duk abu guda suke yi mana, wato su hutar da mu tattaki. Abin da amana ta ce shi ne a bar sunan, a rubuta gaskiya cewa bai zo ba, sa'annan a sa takalmi a je zauren mai unguwa, a sami uban yaron a ji dalili. Sau da yawa dalilin yunwa ce ko nisa, ba ƙiyayya da boko ba.

Mu marubuta ma da alhaki a wuyanmu. Muna kukan ba a sayen littafi a Kazaure, amma mai karatunmu na gobe shi ne wancan da aka kira ɗazu bai amsa ba. Wa a cikinmu ya taɓa zuwa cigiyarsa?