Malamin da Ba Ya Riƙe Alli: Mako da Bazara a Ƙaramar Makarantar Kirista

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana kai-kawo tsakanin masana tarbiyya: shin halin kirki da baki ake koyar da shi, ko kuwa sabo ne ke dasa shi a zuciya? Aristotal, masanin falsafar Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tafi a kan cewa mutum kan zama adali ta hanyar yawaita yin adalci, kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar yin gini. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya ba sabo babban matsayi inda ya yi magana kan renon yara a cikin Ihya'u Ulumiddin. Bahaushe kuwa ya taƙaita zancen, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu a wannan muƙala mun karkata ga wannan ra'ayi, kuma muna so mu gwada shi a wuri ƙanƙane, wato irin ƙananan makarantun Kirista da ake samu a unguwar Federal Low-Cost ta garin Gombe da maƙwabtanta. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, babban malamin tarbiyya a irin wannan makaranta ba shi ne mai tsayawa gaban allo ba. Jadawalin mako ne, wato yadda aka tsara Litinin zuwa Juma'a. Bazara kuma ita ce lokacin da ake yi wa wannan malami jarrabawa.

Tushen Al'amari

Makarantar Kirista ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gombe. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta samo asali daga zuwan Rowland Bingham da abokansa biyu Nijeriya a 1893, ta isa Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917, ta hannun John Hall da Gordon Beacham. Duk inda mishan ta sauka, da majami'a da aji da ɗakin shan magani tare suke tashi, domin wanda bai iya karatu ba ba zai karanta Littafi Mai Tsarki ba. Cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, cocin ECWA kuma ya tsaya da ƙafafunsa a 1954. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976. Da makarantun gwamnati suka cika suka batse, sai majami'u da ɗaiɗaikun mutane suka koma buɗe nasu.

Ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, ya jawo ma'aikata daga kowace kusurwa zuwa babban birnin. Unguwar Federal Low-Cost, wadda ta samo suna daga gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin tarayya, ta zama matattarar Fulani da Hausawa da Tangale da Waja da Tera da Bolawa da Tula, har da Ibo da Yarabawa. A irin wannan unguwa katanga ɗaya ce kan raba gidan fasto da na liman. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga yaron da ya yi karatun allo da asuba ya sa yunifom ya nufi makarantar coci da hantsi.

Yadda Mako ke Tafiya

Wanda ya san ɗaya daga cikin makarantun nan, kusan ya san sauran. Azuzuwa kaɗan ne, a harabar majami'a ko a gidan haya da aka gyara. Ranar Litinin ana buga ƙararrawa, yara su yi layi aji-aji, a duba farce da haƙora da tsabtar tufafi, a rera waƙar yabo, a karanta aya, a yi addu'a, sannan taken ƙasa da alkawarin biyayya ga ƙasa. Wanda ya makara ya tsinci takardu a tsakar makaranta. Tsakiyar mako akan keɓe wani lokaci don sujada ko haddar ayoyi. Akwai ranar wasanni, akwai ta ƙungiyoyi, kamar ta muhawara da ta mawaƙa. Juma'a akan tashi da wuri bayan shara da goge benci.

Mai kallo daga waje zai ce babu wani abin a-zo-a-gani a nan. Amma idan muka lura, kowane ɗayan waɗannan yana faɗa wa yaro wani abu ba tare da an buɗe baki ba. Layi yana ce masa ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ƙararrawa tana ce masa lokaci ba ya jiran kowa. Tsintsiya tana ce masa wanda ya ɓata shi zai gyara. Zango guda yakan kai mako goma sha biyu zuwa sha uku, shekara kuma zango uku ce. Yaron da ya yi shekara shida a firamare ya tsaya a layin safe fiye da sau dubu. Wace huɗuba ce aka taɓa maimaita masa sau dubu? Da yayyafi kogi ke cika.

Sai dai wannan malami kaifi biyu gare shi. Idan ɗan mai makaranta ya makara aka kau da kai, ɗan mai gadi ya makara aka zane shi, to darasin ya shiga, kuma ya fi ayar da aka karanta da safe zama a zuciya. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe da aka buga a 1974, ya lissafa siffofi goma, daga ciki akwai gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da adalci. Babu ɗaya daga cikinsu da ake koya da hadda. Gani ake yi a kwaikwaya.

Bazararmu da ta Littafi

Littattafan Turanci da yaran ke karantawa sukan nuna watannin Maris da Afrilu a matsayin lokacin da ƙanƙara ke narkewa, furanni su buɗe, iska ta yi daɗi. Wannan gaskiya ne a Ingila. A Gombe kuwa waɗannan watanni su ne tsakiyar zafi, inda ma'auni kan kai digiri 40. Rufin kwano yakan mai da aji kamar tanda, rijiyoyi su ja baya, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗin jarka, ga fargabar sanƙarau da ƙyanda. Amma a lokacin ne kuma mangwaro ke nuna, darbejiya ta yi sabon ganye, manomi ya fita sharar gona yana kai taki, idonsa na gabas yana duban hadari. Bazararmu lokaci ce ta yin aiki saboda ruwan da bai sauka ba tukuna.

A cikin wannan yanayi ne hidimomin makaranta ke cunkushewa. Akwai gasar wasanni tsakanin gidaje, kowane gida da launin rigarsa, ana koyon maci da ganga. Akwai jarrabawar ƙarshen zango na biyu. Akwai bikin Ista, wanda bisa lissafin cocin Yamma yake faɗowa ranar Lahadi ta farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ya wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kafin hutu yara kan shirya waƙoƙi da wasan kwaikwayo kan abin da Kirista suka yi imani da shi na mutuwa da tashin Almasihu. Bayan hutu sai manyan jarrabawoyi na 'yan ajin ƙarshe, sai kuma macin ranar yara ta 27 ga Mayu.

Waɗannan su ne ranakun da makaranta ke nuna kanta ga duniya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ake gani ranar biki amfanin gonar mako ne. A ganinmu bazara kan zo wa makaranta da gwaji guda uku.

Gwaji Uku

Na farko shi ne kuɗi. Gasar wasanni da bikin Ista suna bukatar sabuwar riga da kuɗin gudummawa, a daidai lokacin da hatsi ya fara tsada, ma'aikaci kuma bai gama biyan kuɗin zango ba. Akwai yaron da za a kira sunansa a layin safe, a gaban abokansa, a ce ya koma gida sai ya kawo kuɗi. Laifin da ba nasa ba ya jawo masa kunyar da zai daɗe bai manta ba. Makarantar da ta koya masa labarin Basamariye mai tausayi ranar Laraba, ta kore shi a bainar jama'a ranar Alhamis, wane darasi take zaton zai riƙe?

Na biyu shi ne jarrabawa. Ƙaramar makaranta da sakamakon ɗalibanta take cin kasuwa. Idan suka faɗi, iyaye su kwashe 'ya'yansu. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa hedimasta cewa ya rufe ƙofa, ya sallami mai sa ido da ɗan abin goro, a rubuta amsa a allo. Yaron da ya shekara shida yana haddace dokar da ta hana sata da shaidar zur, cikin sa'a biyu zai gane cewa manya ba da gaske suke ba. Wannan asara ta fi faɗuwa jarrabawa girma, domin wanda ya faɗi zai iya sakewa baɗi, amma yarda in ta zube ba ta kwasuwa.

Na uku shi ne ɗan maƙwabci, wato yaro Musulmi da iyayensa suka kawo don neman ingantaccen karatu. A 'yan shekarun nan watan Ramadan ya ratsa ta bazara. A 2024 Ista ta faɗo ranar 31 ga Maris, ana tsakiyar azumi. A 2025 kuwa azumin Musulmi da azumin kwana arba'in na Katolika da Angilika kusan tare suka kama a farkon Maris. To, yaron da ke azumi, za a tilasta masa maci da tsakar rana? Za a tashe shi ranar Juma'a ya samu masallaci? Za a ba shi rawar da zai taka a wasan Ista wadda ta saɓa wa abin da aka koya masa a gida? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 38, ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa ba da yardar iyayensa ba, ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Doka ta shata iyaka, amma ba ta shiga aji. Abin da ke faruwa a aji amana ce tsakanin malami da Mahaliccinsa. Wannan magana kuma ta hau kan makarantar Musulmi da aka kai wa ɗan Kirista, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Hanzarin Masu Makaranta

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Mai makaranta zai ce da kuɗin nan yake biyan malamai da haya da alli, kuma malamansa da yawa ba su samun ko mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Idan ya yi ta ɗaga ƙafa, makarantar ta rufe, kowa ya rasa. Zai kuma ce ya kafa ta ne don addininsa, wanda ya kawo ɗansa ya san inda ya kawo shi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina karɓar kuɗi ko a daina addu'a ba. Bashi na uba ne, sai a kira uba a ofis a yi magana da shi, a bar yaro a aji. Riga ɗaya za ta iya yin gasar shekara uku. Ana iya mai da maci da sanyin safiya, a ajiye randa a bakin kowane aji. Yaron da ba ya cikin ibada ana iya ba shi wuri ya zauna da mutuncinsa, ba tare da an mai da shi abin nuni ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai rage wa makaranta addininta. Hasali ma su ne hujjarta, tun da addinin da ta kafu a kansa ya sa ƙaunar maƙwabci a sahun gaba na dokoki. Dangane da jarrabawa kuwa, babu hanzari. Makarantar da ba za ta rayu ba sai da satar amsa, ta riga ta mutu, gini ne kawai ya saura.

Wani kuma zai ce ai sabo turken wawa ne, yaron da aka saba masa da layi da ƙararrawa biyayya kawai ya koya, ba tunani ba. Wannan ma abin dubawa ne. Amsarmu ita ce, sabo harsashi ne, ba shi ne ɗakin ba. Idan yaro ya fara girma wajibi ne a gaya masa dalilin kowace doka, a bar shi ya yi tambaya. Amma wanda bai taɓa ɗanɗana adalci a aikace ba, ko an yi masa bayaninsa ba zai gane ba, kamar wanda ake kwatanta wa zaƙin zuma bai taɓa lasa ba.

Naɗewa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tarbiyyar makaranta tana cikin ƙananan abubuwan da ake maimaitawa kowane mako, hidimomin bazara kuma tona su kawai suke yi. Saboda haka uban da ke neman wa ɗansa makaranta, kada ya tsaya ga kallon maci da jin waƙar ranar biki. Ya je ranar Talata da babu baƙo, ya ga yadda ake yi wa wanda ya makara, da wanda bai biya ba, da wanda addininsa ya bambanta. Mu kuma da muke jami'a, daga cikinmu ne malaman waɗannan azuzuwa za su fito, wasunmu ma za su buɗe nasu makarantun. Yaran da ke tsaye a layi ɗaya a Federal Low-Cost yau, su ne za su zauna a ofis ɗaya da kasuwa ɗaya gobe, kuma da abin da suka gani a layin nan za su auna juna. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.