Kwandon Tumatir da Idon Yaro

'Yan'uwa, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, rani ya daina zama lokacin hutu a Kadawa. Daga Kura har Bunkure, ana gama girbin shinkafa sai dashen tumatir da albasa. Mun gode, amma zaman da iyaye kan yi da ƙananan yara, ana tatsuniya da kacici-kacici, ya ragu ƙwarai.

Mukan ce gona ma makaranta ce. Haka ne. Yaro ɗan shekara biyar yakan koyi ƙidaya da kwandunan da za a kai kasuwar Kwanar Gafan, tun bai riƙe alli ba. Amma idon da ke ƙirga kwando shi ne ke kallon hannun mahaifinsa yana jera ruɓaɓɓen tumatir a ƙasa, mai kyau a bisa. Wanne ne darasin ranar? In gobe ya ɓoye fasasshen ƙoƙo ƙarƙashin tabarma, da wane baki za mu tsawata masa?

Hujjarmu ita ce kowa haka yake yi, dillali ma ya sani, ya rage kuɗin tun farko. Dillali kam ya sani. Yaron kuwa ba wanda ya taɓa yi masa wannan lissafi.