Hukuncin Ɗaki da Abincin da Gidan Caca Ke Bai wa Ɗan Caca Kyauta

TAMBAYA

Ni mazaunin Gyadi-Gyadi ne, wajen Court Road. Ni da yayana muna da shago a kasuwar Tarauni, kuma shi ne ke zuwa Legas fito da kaya. Ashe idan ya je yana shiga gidan cacar wani babban otal, har sun yi masa kati. Yanzu ba ya biyan kuɗin ɗaki ko na abinci, wani lokaci har mota suke aikawa ta ɗauko shi daga filin jirgi. A tafiyar da muka yi tare na kwana a ɗakin, na ci abincin, sai daga baya na san asalinsu. Da na yi masa magana ya ce ya san caca haramun ce, yana roƙon Allah shiriya, amma wannan kyauta ce irin wadda kamfani ke yi wa dillalinsa. Hujjarsa ita ce ko ya ci ko an cinye shi, ba a fasa ba shi. Mene ne hukuncin wannan kyauta, ni kuma me ya hau kaina?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da abin da ya shiga cikinka. Ɗakin nan da abincin da motar ba su halatta ga yayanka ba, kuma ba su halatta ga wanda ya san asalinsu ba. Amma tunda ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, bari in fara da yadda gidajen caca ke lissafa wannan kyauta, domin a cikin lissafin ne hujjar yayanka take rushewa.

Idan mutum ya zauna a teburin karta ko na rulet, yakan miƙa katinsa. Akwai ma'aikaci a bayan masu raba karta wanda aikinsa sa ido. Shi ke rubuta lokacin da mutum ya zauna, da lokacin da ya tashi, da matsakaicin abin da yake zubawa a kowane zagaye. Gidan ya riga ya san zagaye nawa ake yi a awa ɗaya a kowane tebur, ya kuma san kason da ƙa'idar wasan ta ware masa. Rulet irin na Turai yana da gurbi 37, daga sifili zuwa 36, amma wanda ya dace da lamba ninki 35 ake biyansa. Wannan ɗan giɓin shi ne rabon gida, kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka zuba. Na Amurka mai gurbi 38 rabon ya kai 5.26. A kartar bakarat, wadda ta fi tashe a Makawo ta ƙasar Sin, rabon ya ɗan haura kashi 1.

Mu ɗauka yayanka yana zuba naira 20,000 a kowane juyi na rulet, ana juyi 40 a awa, ya zauna awa 5. Juyi 200 ke nan, jimillar abin da ya ratsa teburin naira miliyan 4. Ba sai ya shigo da miliyan 4 a aljihu ba, kuɗin ne ke fita yana dawowa ana sake zuba shi. Kashi 2.7 na wannan jimilla naira 108,000 ne, kuma ita gidan ke rubutawa a matsayin asarar da ake sa ran zai yi a wannan zama. Daga cikinta ake yanko wani kaso, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 40, a mayar masa a siffar ɗaki da abinci da mota. Idan kashi 30 ne, naira 32,400 ke nan. Sauran 75,600 gidan ya lissafa su a matsayin nasa tun kafin a juya faifan.

Shi ya sa ake ba shi ko ya ci ko an cinye shi. Gidan bai damu da daren yau ba, ya san idan zama ya yi tsawo lissafi ba ya saɓawa. Wanda ya ci yau ma shi suka fi so ya kwana a otal ɗin, don gobe ya sauko da kuɗin. Gidaje da yawa suna sharɗanta zaman awa huɗu a rana kafin su ba da ɗaki, sai ka ga mutum ya gaji yana son tashi, amma ya zauna don ya cika awanni. Tsarin nan ba kara-zube yake ba. Kamfanin Harrah's na Amurka ya fito da katinsa a 1997, a shekarar da ta biyo baya ya ɗauko wani malamin jami'ar Harvard mai suna Gary Loveman, wanda ya gina kasuwancin a kan bin diddigin kowane ɗan caca ta kwamfuta: nawa yake zubawa, yaushe ya daina zuwa, wace kyauta ce za ta dawo da shi. Tsaba ce ake watsa wa kaza a bakin akurki.

Haramcin caca ba abin jayayya ba ne. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu, sannan aya ta 90 da ta 91 ta Ma'ida suka yi umarni da nisantarsu gaba ɗaya. Umarni da nisanta ya fi hana aikatawa faɗi, domin ya haɗa da duk igiyar da ke jan mutum zuwa wurin. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai an umarce shi da yin sadaka. Idan gayyata ta jawo kaffara, ina ga kwana a ɗakin da aka tanada don a tabbatar ka dawo tebur?

Game da kiran abin kyauta, dalilin da na fi dogara da shi shi ne hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka. Da ya dawo sai ya ware wasu kaya ya ce su kyauta aka yi masa. Annabi bai yarda ba, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa. Ma'aunin ke nan: kyauta tana bin sababinta. Yayanka ya daina zama a tebur wata uku, ya ga ko motar za ta ci gaba da jiransa a filin jirgi. Malaman Malikiyya ma sun ɗauki kyautar da aka yi don neman sakayya a matsayin ciniki. A nan abin da ake saye da ɗakin shi ne awannin caca. Alherin kamfani ga dillali kuwa halal ne, saboda sababinsa sayar da kayan halal ne. Haka makin da kamfanin jirgi ko babban kanti ke tara wa mai saye, da rangwamen da otal ke yi wa kowane baƙo.

Akwai wata hujja da ta fi ta yayanka ƙarfi, kuma ban so in tsallake ta. Mai hankali zai ce: idan kyautar yanki ce ta asararsa, ashe kuɗinsa ne ke dawo masa, me zai hana ya karɓa? Amsa ita ce ba daga asararsa ta haƙiƙa ake lissafa ta ba, daga asarar da aka ƙiyasta ne, kuma daga asusun da ya tara dukiyar duk waɗanda aka cinye ake biya, dukiyar da aya ta 29 ta Nisa'i ta hana ci. Sannan ba a miƙo masa kuɗi ya tafi gida. Sai ya koma ginin, ya kwana a saman teburin da ya cinye shi. Toshe ƙofar ɓarna asali ne a mazhabar Imam Malik, kuma ban san ƙofar da ta fi wannan cancantar a toshe ba.

Kai kuma, ɗan'uwa, babu zunubi a kanka a abin da ka ci kafin ka sani, ba kuma sai ka biya komai ba. Daga yau kada ka sake kwana a ɗakin ko cin abincin, ko da zai ji haushi. Abincin gidansa a nan Kano ka ci, domin galibin dukiyarsa daga kasuwanci take, kuma a cikin malaman Malikiyya Ibnul Ƙasim ya halatta mu'amala da mai irin wannan dukiya, ko da yake Asbag ya tsananta. Kada ka yanke zumunci.

Shi yayanka tuba ta wajaba a kansa, kuma tubar ta haɗa da yar da katin tare da duk makin da ya taru a ciki. Kada ya ce bari ya ƙarasa cinye su tukuna. Abin da ya riga ya mora, abin da na fi natsuwa da shi shi ne ya yi lissafi tsakaninsa da Allah. Idan abin da aka cinye masa ya fi abin da ya ci da kyautar da ya mora, tuba ta wadatar. Idan shi ne da riba, ya fitar da ribar da kimar kyautar ya bai wa mabuƙata, da niyyar tsarkake dukiya. Kada ya mayar wa gidan caca, don hakan ƙarfafa su ne. Ba sai ya yi nisa ba, ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da ku a titin Zariya, akwai majinyatan da kuɗin magani ya gagare su.

Kada lasisin da gidajen nan ke da shi a Legas ya ruɗe shi. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa Hukumar Hisba a 2003, a Oktoban 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a cikin birni, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu. Dokar jiha tana canjawa idan an tsallake iyaka, hukuncin Allah a kan musulmi yana tare da shi a Legas kamar yadda yake a Tarauni. Hukuncin nan kuma ya hau kan garaɓasar da manhajojin caca ke bai wa matasanmu a waya, wadda ba a iya cire ta sai an sake zuba ta sau da yawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarka shi ne jarinku ɗaya. Gidan caca ba ya aika wa ƙaramin mai zubi mota. Ku zauna ku duba littafin shago tun daga lokacin da ya karɓi katin. Idan ya taɓa jarin tarayya ya ci amana, kuma biyan rabonka yana wuyansa. Kuɗin fito da kaya a riƙa tura su ta banki kai tsaye ga ejan, tafiyar Legas kuma ka karɓe ta ko ku sauka a wani masauki. Ka yi masa magana a keɓe, da ladabin da ƙane ke yi wa wa. Idan bai ji ba, ka sa wani babba da yake jin nauyinsa a cikin dangi, kada maganar ta fita kasuwa.

Allah ne Mafi sani.