Ɗana, Saurari Sifikarka Kafin Ta Ƙone

Ɗana, zo mu yi magana a kan kayan sautin nan da ka daɗe kana tara kuɗi ka saya. Na ga yadda ka jera sifiku biyar a falo, babbar wufa a lungu, risiba a ƙarƙashin talabijin, na kuma yi maka murna. Amma na lura da yadda babban yatsanka yake manne da maɓallin ƙara sauti a rimot, shi ya sa nake so ka ba ni aron kunnenka.

Shekarun baya ɗan ƙanena ya haɗa irin waɗannan kaya. Ranar sunan ɗansa na fari gida ya cika, ga hayaniyar mata da yara, sai ya riƙa ƙara sauti don kiɗa ya rinjayi surutu. Ina zaune a tsakar gida na ji muryar mawaƙin ta fara kaushi, tana tsaga kunne kamar ana jan kwano a kan siminti. Na aika a ce masa ya rage, ya rage, bayan ɗan lokaci wani ya sake murɗawa. Washegari sifikar dama tana magana kamar an lulluɓe ta da bargo. Muka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara. Ya kwance ƙaramar sifikar sama, wadda suke kira tuwita, ya ɗora mini kwayil ɗinta a tafin hannu. Waya ce siririya kamar gashi, an naɗe ta a zobe, ta yi baƙi ƙirin, tana warin ƙonannen fenti. Ya ce mini, "Baba, ba sifikar ce ta gaza ba, injin aka matsa wa fiye da ƙarfinsa."

Wannan magana tasa ita nake so ka riƙe. Yawancinmu muna zaton babban amfilifaya, wato injin da ke tura wa sifika wuta, shi ne kaɗai ke kashe sifika. Yana iya kashewa, gaskiya ne. Amma ƙaramin da aka takura shi ma yana kashewa, kuma a gidajenmu shi ya fi yin ɓarna. Kowane amfilifaya yana da iyakar wutar da zai iya turawa. Idan ka nemi abin da ya wuce iyakar, sai ya riƙa datse kan igiyar sautin, maimakon ta hau ta sauka a hankali sai ta zama mai kaifi. Wannan datsewa tana ƙara yawan wutar da ke zama a kwayil ba hutu, tana kuma haifar da ƙarin siraran sautuka, su kuwa tuwita ake tura wa. Ita tuwita ba a yi ta don ɗaukar kaya mai nauyi ba. Zafi ya taru, fentin da ya rufe wayar ya narke, shi ke nan. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi fashewa take shirin yi, to sifika ma kafin ta mutu sai ta yi kuka, mu ne ba ma saurara.

Kada lambar da ke fuskar risiba ta ruɗe ka. Da yawansu suna ƙirga sauti da desibel, daga ƙasa da sifili zuwa sifili, har su ɗan haura. Sifilin nan, idan an saita na'urar da makirfon da ta zo da shi, shi ne ma'aunin gidan silima: sauti na desibel 85, wanda kan yi tsalle zuwa 105 a kowace sifika idan an yi harbi ko fashewa a fim, wufa kuma har 115. Wannan ya yi wa falon gida yawa ƙwarai. A na'urorin Denon da Marantz masu ƙirga daga 0 zuwa 98, lamba 80 ita ce sifilin. Saboda haka wanda ya ce "ai ban ma kai ƙarshe ba" bai faɗi komai ba, don injin yana iya gazawa tun kafin lambar ta ƙare.

Ga lissafin da ya kamata ka haddace. Duk ƙarin desibel 3, wutar da amfilifaya zai bayar ninkawa take yi. Ƙarin desibel 10 kuwa yana cin wuta ninki goma, alhali a kunnenka sautin kamar ninki biyu kawai ya yi. A ce a kan -20 sifikarka tana jan wat 5 a wurin da fim ya yi tsanani. A kan -10 za ta nemi wat 50. A kan sifili wat 500 take nema, daga injin da aka rubuta masa wat 100, kuma sau da yawa wannan 100 ɗin ma da sifiku biyu kacal aka auna shi. Ka ga yadda 'yan dannawa kaɗan ke kai mutum bakin rami. Su kuwa dubban wat da ake mannawa a kwali da haruffan PMPO, talla ce kawai. Lambar RMS za ka duba.

Mu kuma muna da namu ƙarin matsalar. Idan wutar NEPA ta zo a raunane, ko ƙaramin janareta yana nishi da firji da fanka, ƙarfin amfilifaya raguwa yake yi, sai ya fara datse sauti a lambar da jiya ya ɗauka lafiya. Ka sa masa sitabilaiza. Ka bar masa sarari ya sha iska, kada a cusa shi cikin kabad ko a shimfiɗa masa ƙyalle don ado, musamman a zafin bazara. Ka duba bayan sifikunka: idan om 4 ne, sun fi masu om 8 jan wuta, kuma ba kowace risiba ke jure su ba.

Sai ka shiga wurin saiti ka yi abu uku. Ka nuna wa risiba cewa sifikunka ƙanana ne, ka sa mararrabar sauti a kan has 80, don duk rugugin da ke ƙasa da haka ya tafi wurin wufa mai nata injin. Ka sa iyakar ƙara, a kan -10 misali, yadda ko yaro ya ɗauki rimot ba zai wuce nan ba. Ka kuma ƙayyade lambar da za ta fara da ita idan an kunna. Maɓallin bes da na tirebul kuwa ka bar su a tsakiya, don ƙara su ma cin wuta ne.

Ban manta da kunnuwan da ke cikin ɗakin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. Idan sai ka ɗaga murya matarka da ke kusa da kai take jinka, ko kuka tashi kunne yana ƙugi, sautin ya yi yawa, ko da sifika ba ta koka ba. Jaririn da ke kwance a kan kujera ba shi da bakin cewa a rage.

Yau da dare, in gida ya yi shiru, sa karatu ko wata murya da ka sani sosai, ka rage sauti, ka bi sifikun ɗaya bayan ɗaya kana kara kunne a kan tuwita. Ka saurari harafin "s" da "sh", ka ji ko suna fita tas a kowace. Sifikar ɗan ƙanena an sa mata wata tuwitar da ba irin tata ba, don ba a samu ta asali a kasuwa ba, kuma har yau duk wanda ya zauna a tsakiyar falonsa yana jin dama da hagu ba muryarsu ɗaya ba.